Tekun Hansai

Wasu matan, ciki kan sa su kwaɗayin tsamiya, wasu ƙasar gini. Na Hansai teku yake son gani. Tun da ta baro Gusau ta tare a unguwar Shifa, ruwan da ta sani a Riyadh bai wuce na famfo ba, shi ma ɗumi kamar an dafa. Ta rantse ba za ta haihu ba sai ta tsoma ƙafa a teku.

Mijinta Uwais direba ne mai baki kamar rediyo. Kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya yi ta jan ƙafa wajen sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, shi ya sa ko mai gadin banki ya hango cikin kaki sai ya canja layi, balle ya doshi shingen 'yan sanda na hanyar barin gari. Ya yi rarrashi, ya yi wa'azi, har ya nuna mata teku a waya. Ina! Da kuka ya ishe shi, sai ya ce ya kama musu shale, wato ɗan gidan hutu, a wani ƙauye na bakin teku kusa da Dammam.

Sun tashi da hantsi, ba su isa ba sai la'asar. Hansai ta sha barci a hanya. Duk farkawar da za ta yi sai ta ga rairayi da gidan mai, har ta ce masu zuba man ƙasar nan duk kamarsu ɗaya.

Gidan ya yi, ba ƙarya. Ga dabino, ga ciyawa shar, ga katanga mai tsawon da ko raƙumi ba zai leƙo ba. Daga bayanta wani gurnani ke tashi yana sauka. Uwais ya ɗaga yatsa ya ce igiyar ruwa ke nan, Hansai kuwa har da ƙwallar murna.

Sai dai bakin ruwan ya ƙi ganuwa. Ranar farko ya ce ta gwauraye ce, iyali sai gobe. Da gobe ta yi, wai ruwan ya janye. Ya shigo mata da kifi daga hannun masunta, a daskare kamar itace. Ta soya, ta kira ƙawarta Dije ta kara mata wayar a katanga don ta ji teku, ta ƙara da cewa iskar nan ko shanya ba ta bari ta daɗe.

Washegari tana ɗaura niƙabi, yau dai ba fashi, sai mararta ta murɗa. Ruwa ya fashe, ba na teku ba.

Tsoro ya kama ta ƙwarai. Haihuwar fari ce, likitarta kuma ta ja mata kunne cewa ɗan a gicciye yake, kada ta yarda ta haihu ko'ina sai a hannunta. Ga tafiyar wuni a tsakani.

"Malam, a hamada zan mutu," ta ce. "Ka yafe mini, ni na ja mana."

"Ke dai shiga mota," in ji Uwais. "Kuma don Allah, duk abin da kika gani, ki tuna ina sonki."

Ta runtse ido ta kama Ayatul Kursiyyu. Tana cikin maimaitawa, ko kwandishan bai gama sanyaya motar ba, Uwais ya taka birki a ƙofar asibitinsu na unguwar Shifa.