Barden Mai Koren Gicciye

Buroshin ya sake suɓucewa daga hannun Wynand, ya faɗa cikin kofin shayi. Faizel ya ƙyalƙyale da dariya.

"Tsoho, yau kuma shayin za ka yi wa fenti?"

Tun suna samari a Cape Town suke haɗuwa ran Asabar a garejin Wynand, suna fentin 'yan mutum-mutumin dalma masu tsawon ɗan yatsa. Wynand ke da baraden Salibiyya, mayaƙan Kirista masu gicciye, Faizel ke da rundunar Musulmi, su jera su a tebur su gwabza. A ƙungiyarsu ta masu wannan wasa kowa na shakkar Wynand kan tarihi. Ya taɓa hana wani mutum yin wasa don kwalkwalin bardensa bai dace da zamanin ba.

Shi ya sa Faizel ya yi turus da Wynand ya miƙo masa sabon barde. Sulke daidai, garkuwa daidai, gemu fari fat irin na mai fentin. Amma gicciyen da ke ƙirjin rigar kore ne shar.

"Ja ake yi wa waɗannan, mutumina. Kai ka koya mini."

"Tafi da shi gida," in ji Wynand. "Ka dube shi da kyau."

Wynand bai raka shi bakin ƙofa ba, abin da bai taɓa yi ba.

Abin ya tsaya wa Faizel a rai. Ido ne ya fara tafiya, ko ƙwaƙwalwa? In 'yan ƙungiya suka ga wannan kuskure, tsohon ya zama abin dariya. Da Faizel ya koma gida, ya zauna a tsanake ya bi koren da jan fenti, har ba a gane an taɓa.

Asabar ta zagayo, ya tarar da gareji a kulle. Annetjie, matar Wynand, ta buɗe ƙofar gida riƙe da jakar kayan da za ta kai wa mijinta asibiti. Ta karɓi barden, ta daɗe tana kallonsa.

"Ka goge?"

"Gyarawa na yi, kar a yi masa dariya."

"Haba Faizel. Yaushe Wynand ya taɓa kuskuren launi? Kore na wata runduna ne daban, inda ake mayar da baraden da cuta marar magani ta kama. Ya ce bakinsa ba zai iya faɗa maka ba, amma in ka ga barden za ka gane."