Saƙon Indalecio

Kujerar da Virtudes ta zaɓa a gidan silimar a bayan ginshiƙi take, dab da akwatin da murya ke fitowa. 'Yarta Rosenda ba ta yi gardama ba. Ta zaunar da ita, ta gyara mata baƙin mayafi, ta ce, "Saura kaɗan a fara, Mama."

Tun sassafe suka baro ƙauyensu Tabernas a motar haya don su riski nunin fim na rana a birnin Almería, hannun tsohuwa maƙale da na 'yarta. Shekara huɗu ke nan tana jiran wannan zama.

A shekarar da Italiyawa masu shirya fim suka cika kwarin Tabernas da dawakai da bindigogin ƙarya, duk mai gemu da fuskar yunwa ya samu aiki. Ɗanta Indalecio, mai kiwon alfadarai, yana da duka biyun. Wata uku yana faɗowa daga kan doki, ana kashe shi safe da yamma, ya tashi ya karkaɗe wando. Ran nan sai mai ba da umarni ya sa aka turo na'urar hoto har gaban hancinsa, ya ce ta bakin tafinta, "Faɗi duk abin da ka ga dama, ko ƙirge ne. Bakinka dai ya motsa."

Sauran 'yan wasan ƙirgen suke yi, ɗaya, biyu, uku. Shi kuwa ya dawo gida yana dariya, ya rungumo uwarsa da hannuwa masu warin doki.

"Mama, na bar miki saƙo a cikin fim."

"Tafi can, maƙaryacin banza. Me ka ce?"

"Ba zan faɗa ba. Sai ran da kika je silima kika ji da kunnenki."

Ta yi lallashi, ta yi zagi, har ta hana shi migas, abincin ranar ruwan sama da yake mutuwar so. Ya ƙi faɗa. Taurin kai ne da shi kamar alfadaransa. Wata biyar bayan nan, a wurin ɗaukar wani fim ɗin, doki ya danne masa ƙirji, ko kalma ɗaya bai yi ba ya cika. Bai iya rubutu ba, bai bar matar aure ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya rage mata na shi a duniya 'yan kalmomin nan ne, a naɗe cikin gwangwanin fim, suna yawo ƙasashen da ba ta ko iya kiran sunansu. An ce fim ɗin har lambar yabo ya ci a can. Ita ina ruwanta.

Aka fara. Kofatai, busa, ƙarar bindiga, warin taba daga kujerun baya. Iskar da ke kaɗawa a fim ɗin ba irin ta kwarinsu ba ce, ta lura da haka, amma ba ta kawo komai a ranta ba.

Can sai Rosenda ta damƙe mata hannu. "Ga shi nan, Mama. Shi ne. Ya cika bangon gaba ɗaya."

Virtudes ta karkata ga akwatin, ta kasa kunne. Wata murya ta fito, mai kauri, mai santsi, irin ta masu karanta labarai a rediyon Madrid: "Ku ɗaure dawakai, baƙon ya iso."

Ta ci gaba da jira.

"Yaushe zai yi maganar?"

"Ya yi, Mama. Ya wuce."

Ba su tashi ba har aka sake nunawa. Muryar nan dai ce ta dawo, da dawakanta da baƙonta.

"Bakinsa fa? Kin duba bakinsa?"

"Na duba har idona ya yi zafi. Gemun ya rufe shi."

Da aka watse, wani dattijo mai nuna wa mutane kujera ya same su zaune, Rosenda ta yi masa bayani cikin kuka. Ya girgiza kai.

"Ayya, Iya. Ai waɗannan mutanen ba sa ɗaukar murya, hoto kawai suke ɗauka. Maganar daga baya ake ɗorawa, a Roma ko Madrid, da bakin wasu."

"To abin da ya faɗa, yana ina?"

"Babu shi, Iya. Ba a taɓa ɗaukarsa ba." Tausayi ya kama shi, sai ya ƙara da cewa, "Amma ki gode wa Allah. Uwa nawa ce za ta sake ganin fuskar ɗanta bayan an binne shi? Ke kin gani, har sau biyu."

Virtudes ta lalubo hannun Rosenda, ta miƙe a hankali. Rabonta da ganin fuskar Indalecio tun yana ɗan shekara tara, shekarar da ciwon ido ya makantar da ita.