Cediyar Ƙofar Gida

Akwai wani manomi da aka tashi ƙauyensu saboda ginin madatsar ruwa. Ranar ƙaura kowa na ta ɗaurin kaya, shi kuwa sai ya sari reshen cediyar ƙofar gidansu, wadda a gindinta mahaifinsa ke saƙar tabarma, mahaifiyarsa ke miƙo musu fura da azahar. Da ya isa sabon gari ya kafa reshen a tsakar gida, ya kuma roƙi wani reshen cediya wurin maƙwabcinsa na sabon garin ya kafa kusa, don kada na gida ya mutu ya rasa inuwa. Duka biyun suka kama. Shekaru suka tura, furfura ta fito, har ya manta wanne ya kafa a dama, wanne a hagu. Ɗaya ta yi kauri ta baje rassa, ɗaya ta tsumbure. Ran mutum kuwa ka san shi da son abu mai kyau: sai ya yanke cewa babbar ce tasu. Nan yake shimfiɗa buzunsa, yana shafa jikinta yana ba jikoki labarin garin da ruwa ya cinye, wani lokaci har idonsa ya ciko don kewa. Ƙaramar kuwa a jikinta ake ɗaure awaki, a gindinta ake watsa ruwan wanke-wanke.

Da ɗansa zai yi aure aka rasa filin ɗaki, dole a sare ɗaya. Tsoho bai ko yi shawara ba ya nuna ƙaramar. Sai 'yar ƙanwarsa, mai nazarin tsirrai a jami'a, ta roƙe shi ya dakatar da gatari, domin cediya dangi gare ta da yawa, ido kuma ba ya raba su. Ta ji masunta na cewa tsohuwar bishiyar na nan da ranta a kan tudun da ya zama tsibiri, ta sa aka tsinko mata ganyenta. Ta shafa man farce marar launi a bayan ganyen kowacce, ya bushe, ta ɓare shi kamar fatar albasa, ta sa a madubin nan mai mai da ƙwayar gero kamar ƙwarya. Ta kira shi jami'ar, ta ce ya leƙa da kansa. A ganyen tsibiri ya ga 'yan ƙofofin da ganye ke numfashi da su, da gashi siri-siri tsaitsaye a tsakaninsu. A na babbar ya ga ƙofofin, amma fatar sumul, ko gashi ɗaya babu. Da aka sa na ƙaramar sai ga gashin nan tsaitsaye, kamar an kwafo. Da ya koma gida ya kwance awakin da hannunsa, ya share gindinta, ya dafa inda igiya ta ci jikinta, ya ce, "Ashe kina nan, ni kuwa ina ta gaida baƙuwa." Babbar aka sare. Har ya bar duniya a 'yar inuwar nan yake zama, rabin jikinsa a rana, bai taɓa ƙorafi ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane.