Tsagar Khairiyya

A da, a Goronyo, abin da mai hoto ya ɗauka shi yake wankewa. Yanzu ba haka ba ne.

Khairiyya, 'yar masuntan bakin dam, ta yi sallama a shagon hoton saurayinta Musaddiq. Bai ji ba, ya duƙufa kan kwamfuta. Hotonta ne a gabansa, wanda zai kai wa mahaifiyarsa a Wurno. Ta tsaya a bayansa tana kallon tsagar gidansu, layi uku a kowane kunci, tana ɓacewa. Da ya ja linzamin kwamfutar, sai layi ɗaya ya tafi, fata ta koma sumul.

"Mi kaka yi?"

Ya zabura. "Kin san Inna. In tag ga tsagar masunta, magana ta ƙare. Bari ta amince tukuna."

"Wanga buroshin gogewa, ƙaƙa yad dace da tsagata haka?"

Ya sunkuyar da kai. "Na cikin kwamfuta sun cika faɗi. Ni na haɗa wanga, daidai kaurinta da lanƙwasarta."

Ta taɓa kuncinta. Ashe duk kallon da yake yi wa fuskarta awo ne.

"Gama ɗayan kuncin," in ji ta a hankali.

Bai motsa ba. Ta kama linzamin da kanta, ta goge sauran ukun.

"Ga ta nan. Kai ma Inna. In ta amince, sai ka aure ta."

Ta gyara mayafinta, ta fita.