Hoton Tabkin Keita

"Zero, Mushe? Don hoto guda?"

"Don sata," in ji Mushe Isiyaku, malamin jogarafi, yana naɗe igiyar na'urar haska bango, ko ɗago kai bai yi ba.

'Yan aji duk sun watse, saura Kaltuma tsaye gaban teburinsa tana huci. Sati guda ta yi tana haɗa esfozenta, jawabin da za ta gabatar gaban aji kan tabkin Keita, a ordinatar lise, kwamfutar makarantarsu. Da hoton ya hau bango, raƙuma na shan ruwa rana na faɗuwa, har 'yan bencin baya masu barci sai da suka tafa. Mushe kuwa ya jira tafi ya lafa, ya tambayi sunan wanda ya ɗauki hoton. Babu suna a ƙasa. Shi ke nan.

Zeron nan in ya zauna, makinta ya faɗi, ba ta wucewa tarminal, ajin ƙarshe. Ƙawayenta su yi gaba, ita ta maimaita aji da ƙannen bayanta.

"Kowa na kwafo hoton wani cikin waya, Mushe. Mi nag gutsura mashi? Hotonai na nan inda ya aje shi."

"Kin roƙi izini?"

"Mai shi ba ya damuwa."

"Ya damu ƙwarai."

Ta juya ido sama. Tun farkon shekara mutumin nan yake damun su da haƙƙin mai abu. Ya hana su tura wa juna littafi ta waya, ya sa su rubuta wa wani marubuci saƙon neman izini kan shafi ɗaya tak. Mutumin da silifas ɗin wani ma in ya tarar bakin ƙofa sawa yake ya tafi masallaci abinsa.

"Abu mai sauƙi ne," ya ce yana zuge jakarsa. "Ki nemi mai hoton, ki roƙe shi da ladabi, ki sa sunansa ƙarƙashi. Gobe ki sake haskawa gaban aji, in goge zeron."

"Gaban aji? Su yi ta yi min dariya har jarrabawar bac?"

"Su yi."

Ta tuna tarminal. Ta sassauta murya kamar mai roƙon gishiri a maƙwabta.

"To, ana roƙo. Don Allah."

"A rubuce," ya ce. "Da faransanci. Ban da kuskure."

Nan haƙurinta ya ƙare. Ta fizgi jakarta, ta nufi ƙofa, sai da ta kama mariƙin ta waigo.

"Ka riƙe hotonka, Baba, ko Inna ta ce a karkace ka ɗauke shi."

Ta buga ƙofar garam, ta yi tafiyarta.