Ranar da Kakana Ya Ji Jita

Kakana makaɗin garaya ne a Doguwa, bai taɓa yabon kiɗan kowa ba. Wata la'asar yana ɗaure tsirkiya a zaure, kawuna ya kunna kaset ɗin wani Bature mai jita. Can jitar ta ja sauti ɗaya, ta ƙi saki. Hannun Kaka ya tsaya cak.

"Mai da shi baya," in ji shi.

Kawu ya mayar. Kaka ya riƙe numfashi tare da sautin har tari ya sarƙe shi.

"Tawa ina sakinta take shiru," ya ce. "Wannan yaron wa ya rasa, da tsirkiyarsa ta ƙi daina kuka?"

Har yau ban san sunan makaɗin ba. Amma da na ji jita, sai na riƙe numfashi.