Ledar Gaban Motar Direba

Wani dattijo ne ya ba ni wannan misali a kan tabarmar gaisuwar mahaifina, lokacin da mutane suka fara raguwa, ni kuma na kasa ɗaga kai. Bai tambaye ni yadda nake ji ba. Ya dai gyara zama, ya fara.

An yi wani direban motar haya a hanyar Gusau, motarsa koriya kamar ganyen dawa a tsakiyar damina. Ranar da ya saye ta, kafin ya ɗauki fasinja ko ɗaya, sai ya kai ta wurin mai manna leda, irin ledar nan mai kauri da ake ganin fenti ta cikinta. Bai rufe motar duka ba. Ya ce a manna a inda duka ke sauka kawai: bonet, da bamba, da bayan madubai, da bakin ƙofofi, da ɗan kwarmin nan na hannun ƙofa inda farce ke karta. Shekaru suka yi ta wucewa. Tsakuwar da tayoyin manyan motoci ke watsowa a kan ledar take sauka, rana ma ita take gasawa, har ta dafe ta koma kalar haƙoran mai cin goro. 'Yan kamasho a tasha suka samu abin tsokana. "Direba, wannan mota taka ta baya budurwa, ta gaba kakar wani!" Shi sai ya yi dariya, ya shafa bonet ɗin ya ce, "Ku ƙyale ta, aikinta take yi." Yana da ɗa, saurayi, wanda tsokanar nan ke ƙona wa rai. Ya sha cewa, "Baba, a ɓare abin nan mana, ya ɓata motar." Amsar uban ɗaya ce kullum: "In ta gaji a sake wata. Amma ba a fita da gaba tsirara."

Sai ajali ya zo wa direban, ba a kan hanya ba, a kan shimfiɗarsa, bayan ɗan zazzaɓi. Mota ta zama ta ɗan. Da lokacin sadakar arba'in ya matso, aka ce a ƙauyensu za a yi, shi zai kai mahaifiyarsa. Ya tsaya ya dubi gaban motar, ya ce a ransa dangin Baba ba za su ga motarsa da wannan fuska ba. Ba raini ne ya sa shi ba, ƙauna ce. Ya ajiye ta a rana, ya dafa ruwa, ya riƙa zubawa yana jan ledar a hankali. Ƙarƙashinta fenti ya fito kore shar, kamar jiya aka fesa, har ya kunyata sauran jikin motar da rana ta kwashe wa haske. Mahaifiyarsa ta leƙo daga zaure, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Haka take ranar da ya kawo ta." Ta koma ciki da sauri. Da ya zo kan hannun ƙofar direba, ya ga kartar farcen ubansa da ta zobensa na azurfa a jikin ledar, layi a kan layi. Hannunsa ya ƙi. Ya bar wannan ɗan gutsuren.

Ashe ana gyaran hanyar ƙauyen, an baza tsakuwa ba a zuba kwalta ba. Ya faɗa bayan wata tifa, babu wurin wucewa. Ya ji ƙas, ƙas, ƙas a gaban mota. Wannan ƙara ya san ta tun yana zama a gefen ubansa, bai taɓa ɗaukar ta a bakin komai ba. Da suka isa ya fito, sai ya tarar bonet ya yi ɗigo-ɗigo fari kamar bayan zabuwa. Ruwan sama ya biyo baya, kowane ɗigo ya buɗe wa tsatsa ƙofa. Ya kai motar wurin mai ledar nan na da, wanda yanzu furfura ta cika masa kai, ya roƙe shi ya manna sabuwa. Tsohon ya shafa bonet ɗin da tafin hannu ya ce, "Ɗana, leda tarewa take yi, ba ta warkarwa. Sai mai fenti ya kankare ya fesa wani." Haka aka yi, aka fesa motar duka don kada ta zama kala biyu. Kore ne, amma ba koren ba ne. Abu ɗaya ya roƙi mai fenti: kada ya taɓa hannun ƙofar direba. Yau duk duniya a nan kaɗai fentin ubansa ya rage, wuri bai kai tafin hannun jariri ba, a ƙarƙashin tsohuwar leda mai karce. Kullum zai buɗe ƙofa, yatsunsa a nan suke sauka.

Dattijon ya dube ni. Ya ce tsakuwar nan ba ranar ta fara zuwa ba, kullum tana zuwa, akwai dai mai tare ta, kuma mai tarewa shi ne fuskarsa ke fara lalacewa. Ya jawo takalmansa, ya dafa kafaɗata ya miƙe. Shi ya sa Hausawa ke cewa, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.